Me ke raba ta ɗaya da ta goma a tseren mata na zamiya kan dusar ƙanƙara?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na kalli tseren mata na dogon zango a kan dusar ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu. Suna ƙetare layi suna zubewa ƙasa kamar an sare su, kuma wadda ta ci jiya da tazara, yau sai ta ƙare ta goma sha biyar. Ƙarfi ne kawai ke aiki, ko akwai abin da mai kallo ba ya gani?"

Akwai abin da mai kallo ba ya gani, kuma yana da yawa. Ƙarfin zuciya da huhu shi ne kuɗin shiga; wadda ba ta da shi ko ƙurar sahun gaba ba za ta hango ba. Amma a cikin mata goma sha biyar ɗin da ke gaba, waɗanda ƙarfinsu bai ɗara na juna da yawa ba, abin da ke raba su a rana guda shi ne dogayen allunan zamiya da ke ƙafarsu, da yadda suka raba ƙarfinsu a kan hanya, da irin tseren da ake yi ranar. A kan alluna zan fi daɗewa, domin sau da yawa nan ake cin tsere ko a faɗi tun kafin a tashi.

A fara da hanyar kanta. Hukumar FIS, mai kula da wasan a duniya, tana so a tsara hanyar tsere kashi uku kusan daidai: hawa, gangara, da wuri mai tudu da kwari. A tsawon hanya ke nan. A agogo kuwa, hawa kaɗai yana cinye rabin lokacin ko fiye, domin a gangara 'yar tsere kan kai kilomita 60 ko sama a awa, a tudu mai tsini kuma da ƙyar take wuce saurin mai sassarfa. Saboda haka mafi yawan tazarar da ke shiga tsakaninsu a hawa take shiga. Kuma a kowane hawa suna aiki ne fiye da abin da iskar da suke shaƙa za ta iya biya, su ci bashi, su ɗan rage shi a gangara, su sake ci a tudu na gaba. Ƙafa, hannu, baya da ciki duk suna aiki tare. Idan aka zo mita ɗari biyun ƙarshe babu sauran gangarar biyan bashi, sai a ƙarar da komai. Zubewar da kika gani, ko ka gani, ita ce wannan: tsoka ta cika da gajiya, kuma da zarar an tsaya cak jini yakan taru a ƙafafu, kai ya yi jiri. Yawancinsu sukan tashi cikin minti ɗaya ko biyu. Wani lokaci abin yakan wuce haka, kamar yadda ya faru da Frida Karlsson ta Suwidin a Janairun 2023, da ta kai ƙolin tudun Alpe Cermis a Italiya, ta lashe Tour de Ski, gasar da ake yin tsere da yawa a jere cikin kwanaki, sannan ta kwanta sai da likitoci suka zo kanta. Wannan tudu kilomita uku da rabi ne na hawa zalla, tsayinsa ya haura mita 400, kuma asalinsa hanyar masu gangarowa ce, su kuma ake sa su hau.

Salo biyu ake yi, kuma kusan wasa biyu ne daban. A salon gargajiya alluna suna tafiya a jere cikin ramuka biyu da injin ya yanka a dusar. 'Yar tsere tana danna ƙafa ɗaya ƙasa ta kama dusa, ta tura, ta zame a kan ɗayar. A shimfiɗaɗɗen wuri sai ta bar ƙafa, ta dinga dukan ƙasa da sanduna biyu lokaci guda, ƙarfin yana fitowa daga ciki da kafaɗa. A salon 'yanci babu ramuka. Ana buɗe alluna kamar bakin almakashi ana turawa gefe da gefe. Wannan salo ya bazu ne a farkon shekarun 1980, har a tsakiyar shekarun FIS ta raba gasa gida biyu. Ya fi na gargajiya sauri da kimanin kashi goma cikin ɗari. Hatta sanduna da doka: a gargajiya ba za su wuce kashi 83 cikin ɗari na tsawon mai riƙe da su ba, a 'yanci kuma ba za su fi ta tsawo ba. Wadda ta saci taku irin na 'yanci a tseren gargajiya za ta sha katin gargaɗi, na biyu kuma kora ce. Akwai mata da suka fi ƙwarewa a salo ɗaya, don haka abu na farko da za a duba idan sakamako ya juye shi ne ko salon jiya ne aka yi yau.

Yanzu alluna. Faɗin allon tsere bai wuce santimita huɗu da rabi ba, kuma ba miƙaƙƙe ba ne. Yana da ɗan baka a tsakiya. A allon gargajiya wannan baka shi ne komai. Idan 'yar tsere ta raba nauyinta a ƙafa biyu, tsakiyar allon ba ta taɓa dusa, gaba da baya ne kaɗai ke zamewa. Idan ta ɗora nauyinta duka a ƙafa ɗaya ta danna, tsakiyar ta sauka ta kama. A wannan tsakiya, daga diddige zuwa gaba kimanin santimita 60, ake shafa kakin riƙo. Sauran allon kuma kakin sulɓi ake sa masa. Allo ɗaya ke nan ana so ya yi santsi kuma ya kama, duk cikin daƙiƙa guda.

Yadda ake yi shi ne, masu kaki sukan kankare wurin riƙon da takardar yashi, su goge kakin tushe da dutsen guga don ya zauna, sannan su bi da kakin ranar a shimfiɗa siriri-siriri, hawa huɗu zuwa takwas, kowanne a murje shi da toto har ya yi sumul. Kowane kaki da iyakar sanyin da yake aiki, wani tazararsa ba ta wuce maki biyu a ma'aunin zafi ba. Dalili kuwa, riƙo yana samuwa ne idan ƙwayoyin dusa suka ɗan nutsa cikin kakin lokacin dannawa, sannan suka sake shi lokacin zamewa. Idan kakin ya yi tauri fiye da dusar, ƙwayoyin ba za su shiga ba, allo ya dinga zillewa baya a kowane taku. Za ka ga mace tana hawa tana watsal-watsal, tana rataye a kan sanduna, kafin rabin tsere hannuwa sun mutu. Idan kuma kakin ya yi laushi, ƙwayoyin su shiga su ƙi fita, dusa ta dunƙule a ƙarƙashin ƙafa ta daskare, allo ya ƙi tafiya ko a gangara. Mai wannan matsala za ka gan ta tana buga allo ɗaya a kan ɗaya tana ƙoƙarin kakkaɓewa. In dusar ta narke ta sake daskarewa, ƙwayoyinta sun zama dunƙule-dunƙule marasa kaifi, to kaki mai tauri na yau da kullum ba ya kama su, sai an koma ga kilista, wani abu mai yauƙi da danƙo da ake matsowa daga bututu. Ranar da ta fi ba masu kaki tsoro ita ce ranar da sanyi ke kan maki sifili kuma sabuwar dusa na zuba. A irin wannan rana wani lokaci a kan ajiye kaki gaba ɗaya, a ɗauko allo na musamman wanda aka gurje tsakiyarsa da takardar yashi har ta yi gashi-gashi, wannan gashin ya yi aikin riƙo.

Sulɓi ma da nasa ilimin. Allo yana zamewa ne a kan ɗan siririn ruwan da gogayya ke narkarwa. In sanyi ya yi tsanani ruwan ya yi kaɗan, ƙwayoyin dusa masu kaifi su riƙe allo kamar ana jan sa a kan yashi. In dusa ta jiƙe ruwan ya yi yawa, ya tsotse allon ya manne shi. Don haka ake yanka wa ƙasan allo wasu ƙananan zane-zane da injin dutse, masu laushi don sanyi, masu zurfi don ruwa ya samu hanyar fita. Wannan ya sa babbar 'yar tsere ke yawo da saitin alluna gommai, kowanne da bakansa da zanensa, manyan ƙasashe kuma suna zuwa da babbar mota wadda ita ce ɗakin aikin masu kaki. Da sassafe za ka ga masu gwaji biyu sun tsaya gefe da gefe a bakin gangara, sun riƙe hannun juna har saurinsu ya daidaita, sannan su saki, a ga allon wa zai wuce gaba. Haka za a yi ta tankaɗe, wanda ya faɗi a ajiye shi, har a rage saiti biyu ko uku da 'yar tseren za ta gwada da kanta ta zaɓa. Tun daga kakar 2023/2024 FIS ta haramta kakin da ke ɗauke da sinadarin fulorin saboda illarsa ga lafiyar masu shafa shi da kuma muhalli. Shi ne da yake korar ruwa da datti daga ƙasan allo, don haka tun da aka hana shi ranakun jiƙaƙƙiyar dusa suka ƙara wuya, zaɓen allo da zane ya ƙara nauyi.

Lissafin mai sauƙi ne. Tseren kilomita goma yana ɗaukar mata kimanin minti 25 zuwa 28. Allon da ya gaza na abokiyar hamayya da kashi biyu cikin ɗari kacal ya ci rabin minti, kuma rabin minti a wannan mataki ya isa ya sauko da mace daga cikin ukun farko zuwa ta goma. A Olamfik ta Sochi a 2014, tawagar matan Norwe, wadda kowa ya ba ta zinaren tseren karɓa-karɓa tun kafin a fara, da Marit Bjørgen da Therese Johaug a cikinta, ta ƙare ta biyar, kuma alluna aka ɗora wa laifi. A wannan tseren ne Charlotte Kalla ta karɓi zagaye na ƙarshe tana baya da daƙiƙa 25, ta cim ma na gaba ta ci wa Suwidin zinare. A ganina wannan shi ne babban rashin daidaito a wasan: mace daga ƙaramar tawaga mai masu kaki biyu tana karawa da wadda ke da mota cike da ƙwararru, kuma allon sakamako ba ya nuna wannan.

Sai irin tseren. A tashin ɗai-ɗai ana sakin su ne kowace bayan daƙiƙa 30, kowa da agogonta. Babu wadda za a laɓe a bayanta, sai masu horarwa a bakin hanya suna bin ta da gudu suna faɗa mata tazarar da ke tsakaninta da ta gaba. Nan ne gwanar raba ƙarfi ke fitowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne zafin farawa: kilomita biyun farko jiki na jin daɗi, a wuce gona da iri, a kilomita na bakwai ƙafa ta yi nauyi, taku ya gajarce, riƙo ya lalace ko da kakin lafiya lau yake, domin mai gajiya ba ta iya danna allo yadda ya kamata. Wani wurin da ake asarar lokaci ba a sani ba shi ne kan tudu. Wadda ta saki jiki da zarar ta kai sama za ta shiga gangara a hankali. Wadda ta ƙara taku biyar masu ƙarfi bayan ƙolin za ta ɗauki wannan saurin har ƙasa. A Olamfik ta Beijin a 2022 Johaug ta ci kilomita goma na gargajiya da tazarar kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa a kan Kerttu Niskanen ta Finlan, bayan fiye da minti 28 ana gudu. Lanƙwasar hanya ɗaya da aka yanka da kyau ta isa ta kawo wannan.

A tashin gayya kuwa kowa na tashi tare, wadda ta fara ƙetare layi ita ta ci, kuma bin bayan wata yana rage iskar da ke bugun ƙirji. Nan dabara ta bambanta bisa ga halittar kowa. Johaug ba ta yi suna da saurin ƙarshe ba, don haka takan ɗaga wuta tun da wuri ta wargaza ayarin a kan tudu. A kilomita 30 na Beijin ta bar Jessie Diggins ta Amurka, wadda ta zo ta biyu, da fiye da minti ɗaya da rabi. Mai saurin ƙarshe kuma aikinta ta maƙale a baya ta jira. Akwai kuma tseren haɗaka, rabi gargajiya rabi 'yanci, inda ake tsayawa a tsakiya a sauya alluna da sanduna agogo na tafiya. Ko hankali ma yana cikin lissafi: a Olamfik ta Pyeongchang a 2018 Teresa Stadlober ta Ostiriya tana ta biyu a kilomita 30 ta bi hanyar da ba ita ba, ta ƙare ta tara.

Gajeren tsere wata duniya ce. Tsawonsa kimanin kilomita ɗaya da rabi, minti uku ko ƙasa da haka zuwa uku da rabi. Da safe kowa ta yi gudun agogo, a ɗauki 30, a raba su rukuni biyar na mutum shida-shida. Biyun farko a kowane rukuni su wuce, a ƙara da biyu mafi saurin lokaci a cikin sauran. Wadda za ta kai ƙarshe sai ta yi gudu huɗu a yini ɗaya, hutun da ke tsakanin na kusa da ƙarshe da na ƙarshe kuma bai fi 'yan mintoci ba. Don haka ba mai sauri kaɗai ke ci ba, sai mai saurin farfaɗowa. Ana yanke hukunci ne da bakin takalmin da ya fara taɓa layi, shi ya sa kake ganin suna jefa ƙafa ɗaya gaba har su faɗi. Da irin wannan jifan ƙafa Diggins ta doke Stina Nilsson ta Suwidin a gajeren tseren karɓa-karɓa na mutum biyu a 2018, ita da Kikkan Randall suka kawo wa Amurka zinarenta na farko a wannan wasa a Olamfik.

Ƙarfin da na kira kuɗin shiga, da rani ake tara shi. Masana a Norwe sun bi diddigin littafin atisayen Bjørgen, wadda ta tara lambobin Olamfik 15, takwas daga ciki zinare, suka wallafa a 2017. A shekarunta biyar mafi kyau tana yin kimanin awa 940 a shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na atisayen juriyarta a hankali take yin sa, a saurin da mutum zai iya magana yana tafiya. Mai tsananin kaɗan ne, amma ana yin sa da gaske. Masu tasowa sukan juya wannan: su yi mai sauƙin da zafi, su zo mai zafin a gajiye, su tsaya a tsakiya ba ci gaba. Idan babu dusa ana amfani da gajerun alluna masu taya a kan kwalta, da gudu a tudu da sanduna, da ɗaga ƙarfe. A ɓangaren mata, ƙarfin kafaɗa da ciki ne wurin da aka fi samun riba, domin a tura sanduna biyu ne tazarar maza da mata ta fi faɗi, kuma wadda ta gina wannan sashe takan tsere wa sauran a shimfiɗaɗɗen wuri.

Akwai haɗarin da dole a faɗe shi. Tunda hawa ke yanke hukunci, wasu kan ɗauka rage nauyi shi ne gajeriyar hanya. Mace mai atisayen awa 20 a mako in ba ta ci abin da ya kai abin da take ƙonawa ba, da farko za ta ji ta yi sauƙi a tudu, daga baya al'adarta ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni ya fara tsagewa, ciwo ya dinga kama ta, sakamako ya rushe. Diggins ta yi magana a fili kan fama da matsalar cin abinci, kuma a 2019 Norwe ta dakatar da Ingvild Flugstad Østberg daga gasa saboda ba ta cika sharuɗɗan lafiya na tawagar ba, alhali ita ce zakarar kofin duniya ta kakar da ta gabata. Wannan mataki daidai ne, kuma ya kamata kowace tawaga ta iya ɗaukar irinsa. Sanyi ma yana cin hanyoyin numfashi, shi ya sa asma ta yi yawa a cikinsu, doka kuma ta ce in sanyi ya wuce maki 20 ƙasa da sifili a wuri mafi sanyi na hanyar, a ɗage tseren. Mura kaɗai ta isa ta mayar da zakarar jiya ta goma sha biyar. Batun magungunan ƙara kuzari ma ya taɓa wasan: a Olamfik ta 2002 Beckie Scott ta Kanada ta zo ta uku, daga baya aka ba ta zinare bayan an kama 'yan Rasha biyun da suka riga ta.

Nisan da mata ke yi ya sauya ƙwarai. Da suka fara shiga Olamfik a Oslo a 1952, tsere ɗaya aka ba su, kilomita goma, Lydia Wideman ta Finlan ta ci. Shekaru da dama mafi tsawon tserensu kilomita 30 ne, na maza 50. A 2022 FIS ta daidaita nisan, a Maris ɗin 2023 aka yi kilomita 50 na mata na farko a kofin duniya a Holmenkollen da ke Oslo, Ragnhild Haga ta Norwe ta ci. Wasu daga cikin 'yan tseren kansu sun nuna shakku, hujjarsu ita ce mace ta fi daɗewa a kan nisa ɗaya, don haka aikinta ya fi na namiji tsawo. Hujjar gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne a gyara shiri, ba a rage nisa ba. Tseren da ya haura awa biyu yana ƙarar da sukarin da tsoka ta ajiye, don haka dole a dinga shan ruwa mai sukari tun daga farko, kimanin giram 60 zuwa 90 a awa, ana karɓar gora daga hannun masu taimako a farkon gangara inda za a iya sha ba tare da rasa taku ba. Wadda ta kuskure gora biyu a jere za ta ji a jikinta a kilomita na 40. An kuma yarda a sauya alluna sau ƙayyadadde a tsakiyar tsere: shiga wurin sauyi yana cin daƙiƙoƙi, amma sabon allo mai tsabta yana iya mayar da su ninki a zagaye ɗaya, musamman a dusa mai datti, don haka kowa na satar kallon abokan tafiyarta ta ga ko za su shiga. A gasar duniya ta Trondheim a 2025, inda aka yi kilomita 50 na mata karo na farko a wannan mataki, dusar ta jiƙe ta yi laushi, Karlsson ta ci, Heidi Weng da Johaug na Norwe suka biyo ta, kuma matan Suwidin suka kwashe zinare shida ɗin da aka saka gaba ɗaya a cikin gidan Norwe.